Wa ke da alhakin ginin makaranta a Wurno da Rabah da Goronyo?

Wurno da Rabah da Goronyo uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma dukkansu suna cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta gabashin jihar, yankin da noman fadama da kiwo da kasuwannin mako suke riƙe da rayuwar mafi yawan jama'arsa. A kowace daga cikinsu akwai sakatariya da shugaba da kansiloli, akwai kuma ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, don haka talaka yakan ɗauka cewa idan iska ta kwashe rufin aji, ko kuma yaran gari suka gama ƙaramar sakandare suka rasa inda za su ci gaba, to can ne wurin kai kuka. Tsarin da doka ta shimfiɗa ya saɓa wa wannan zato, domin hukumar da ta fi kowa kusa da ginin makaranta ita ce ta fi kowa ƙarancin iko a kan kuɗin da ake gina shi da su, kuma shekaru uku na babbar sakandare, waɗanda su ne ƙofar jami'a da kwalejin ilimi da makarantar koyon aikin jinya, ba su cikin aikinta ko kaɗan.

Yankin ba baƙon ilimi ba ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, wato garin tsaron iyaka da aka haɗa masa zaman malamai da masu sana'a, a can ya rasu a 1837 kuma a can kabarinsa yake, sannan 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta tsara hanyar 'Yan Taru, inda jajoji suke kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Sakkwato da Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. A zamaninsa makarantun elementare na hannun En'e ne, wato hukumar gargajiya da ke karɓar haraji, tana da baitulmalinta da sashen ayyukanta, kuma uban ƙasa shi ake tambaya idan makarantar gundumarsa ta lalace ko yara suka daina zuwa. Tsarin yana da aibobinsa, makarantun ba su da yawa kuma tilas ta yi yawa a cikinsa, amma mai gini da mai kula da mai amsa tambaya duk suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, abin da aka rasa daga baya.

Shekarar 1976 ta kawo sauyi biyu a tare: an yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk faɗin Nijeriya aka mai da su mataki na uku na gwamnati, aka kuma ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, lamarin da ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka yi tanadi. Tun daga lokacin ake ta jan firamare tsakanin Tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. An kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar gaba ɗaya, sai albashin malamai ya riƙa maƙalewa wata da watanni a wurare da yawa, yajin aiki ya yawaita, har aka maido da hukumar a 1993. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga duk mai kira a damƙa wa ƙaramar hukuma komai, domin an taɓa gwadawa ba tare da tsarin bin diddigi ba, kuma malamai da yara ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, bai ba ƙaramar hukuma mallakar ilimi ba, abin da ya ba ta shi ne shiga tare da gwamnatin jiha wajen samar da ilimin firamare da na manya da na sana'a da kuma kula da su. Sakandare ba ta cikin lissafin.

A birnin Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a watan Satumba na 1999, kuma dokar 2004 ta ba shi gindin zama. Ilimin bai-ɗaya na nufin shekaru tara na kyauta kuma na dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta kafa hukumar UBEC a Abuja, ta ware mata kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Tarayya, kuma babban kaso na wannan kuɗi ana ba jihohi ne bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta ɗauka. A jiha akwai hukumar SUBEB, wadda take tsara jerin makarantun da za a gina ko a gyara, ta tallata kwangila, ta zaɓi ɗan kwangila, ta biya shi. A ƙasa kuma akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, wadda sunanta yake sa mutane su ɗauka reshen majalisar ƙaramar hukuma ce, alhali a aikace umarninta daga SUBEB yake zuwa. Aikinta shi ne tura malamai, duba zuwansu aiki, ƙidayar yara, raba littattafai da aika rahoto. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ta yadda ƙaramar hukuma take ɗaukar nauyi mafi girma na kuɗin firamare ba tare da hannunta ya taɓa mafi yawansu ba.

Daga nan ne matsalar sa ido take farawa. Kwangilar gina azuzuwa biyu da ofis a wani ƙauye na Goronyo tana da takardar ƙididdiga da ta fayyace zurfin tushe, da kaurin rodi, da yawan bulon da za a fitar daga buhun siminti, da kaurin kwano, da irin katakon da za a ɗaura rufi a kansa, amma wannan takarda tana ofishin wanda ya ba da aikin ne da kuma jakar ɗan kwangila. Shugaban makarantar da za ta amfana sau da yawa bai san za a yi aikin ba sai ranar da tifa ta sauke yashi, kansilan mazaɓar bai san kuɗin aikin ba, uban ƙasa da mai unguwa ana kai musu gaisuwa ne kawai. Injiniyan da zai tabbatar da ingancin aiki yana zuwa daga babban birni, yana da ayyuka masu yawa a ƙananan hukumomi da dama, kuma tun da hanyoyin gabashin jihar suka zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, zuwansa wuraren da ke nesa da kwalta ya ƙara wuya. Ha'incin gini kuwa a kwanakin farko ake yin sa, lokacin haƙa tushe da kwaɓa siminti da ɗaure rodi, kuma da zarar an yi filasta an shafa fenti babu mai iya gane shi da ido sai damina ta zo. A al'adar kwangila akan riƙe wani kaso na kuɗin, galibi kashi 5 cikin 100, har tsawon wata shida bayan miƙa aiki, domin a tilasta wa ɗan kwangila gyara abin da ya ɓaci, sai dai wannan tanadi ba ya aiki idan waɗanda suke ganin tsagewar bango kullum ba su san da shi ba, kuma ba a neman sa hannunsu kafin a saki ragowar.

Yanayin ƙasar ma yana da hukuncinsa a kan gini. Wurno da Goronyo suna kwarin gulbin Rima, inda madatsar ruwa ta Goronyo take, Rabah kuma tana bakin gulbin Sakkwato, kuma ƙasar fadama mai laka tana kumbura da damina ta tsage da rani, abin da yake karya tushen da ba a zurfafa ba. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta nuna wa mutanen kwarin Rima iyakar inda ruwa yake iya kaiwa, kuma kowane dattijo a ƙauyukan da abin ya shafa zai iya nuna tudun da ya tsira da kwarin da ya nutse, ilimin da babu shi a cikin zanen gini guda da ake rarraba wa jiha baki ɗaya. Iskar farkon damina ita ce babbar abokiyar gabar rufin makaranta a wannan yanki, kuma maganinta sananne ne ga kowane kafinta: a ɗaure katako da rodi a cikin bango, a yi wa rufi katangar kariya, a dasa itatuwa ta gefen da iskar take bugowa. Idan kwano biyu suka ɗaga aka buga su cikin mako, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma idan aka jira sai sunan makarantar ya shiga jerin ayyukan wata shekara, ruwa ya riga ya ci silin da katako da daɓe, sai gyaran ya koma kwangilar miliyoyi. Kuɗin ƙananan gyare-gyare na yau da kullum shi ne abin da tsarin ya fi sakaci da shi, kuma shi ne aikin da ya fi dacewa da ƙaramar hukuma.

Kalmar zamanantar da makaranta, wadda ake yawan ji a jawaban ƙaddamar da ayyuka, ta cancanci a fayyace ta, domin fenti da sabuwar ƙofa ba su isa su cika ma'anarta ba. Makaranta ta zamani ita ce wadda take da aji mai iska da haske ga adadin yaran da manufar ilimi ta ƙasa ta tsara, wato kimanin 35 ga malami ɗaya a firamare da 40 a sakandare, da benci, da ruwan sha, da makewayi daban na mata daban na maza, da katanga, da hanyar shiga ga mai keken guragu, da wutar hasken rana idan za a kunna kwamfuta. Makewayi da ruwa ba ƙarin ado ba ne, domin yarinyar da ta balaga takan daina zuwa makarantar da ba ta da su, iyayenta kuma ba su da laifi idan suka goyi bayanta. Akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar Tarayya, waɗanda suke zuwa ta wata hanya daban, wani lokaci ta hannun hukumomin da ba ruwansu da ilimi, ta yadda za a ga sabon gini a makarantar da ba ta da malamai, alhali a ƙauyen gaba yara suna karatu a gindin bishiya. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka a faɗin ƙasa, amma bincikenta yana zuwa ne bayan an gama kashe kuɗin.

Batun babbar sakandare ya fi wannan sarƙaƙiya. A tsarin da aka gada daga Ingila ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare, sannan zaɓaɓɓu kaɗan su ƙara shekara biyu a fom shida, su rubuta jarrabawar HSC wadda take kai su jami'a kai tsaye, kuma makarantu ƙalilan ne a Arewa suke da wannan aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, ya raba sakandare gida biyu, aka bar fom shida ya shuɗe a makarantun gwamnati, sai ragowarsa a shirye-shiryen share fagen shiga jami'a irin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yanzu babbar sakandare ce take riƙe da matsayin da fom shida ya riƙe a da, wato zangon da yake tantance wanda zai wuce gaba. A ƙarshenta ake rubuta WAEC ko NECO, ana neman sakamako mai kyau a darussa biyar da suka haɗa da Ingilishi, da lissafi ga mafi yawan fannoni, sannan a zauna jarrabawar JAMB wadda ake yi a kan kwamfuta, abin da yake zama babban cikas ga yaron da bai taɓa ɗora hannu a kanta ba.

Wannan zango ne ya faɗa tsakanin asusu biyu. Kuɗin UBEC suna tsayawa a aji uku na ƙaramar sakandare. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 yana taimaka wa dukkan matakai a da, amma a 2011 aka mai da shi TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai. Babbar sakandare ta koma ta dogara ga kasafin jiha, ƙarƙashin ma'aikatar ilimin firamare da sakandare da hukumomin da ke kula da malamai da makarantun Larabci da na kimiyya, kuma a 2023 ne aka sa hannu kan dokar hukumar kula da babbar sakandare ta ƙasa domin toshe wannan giɓi. Illar da aka daɗe ana gani a karkara ita ce ƙananan sakandare sun yawaita a harabar firamare saboda akwai kuɗin gina su, manyan kuwa ba su bi sahu ba. Lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015, misalin da aka fi ambata shi ne na ƙaramar hukumar Gudu a yammacin jihar, wadda ba ta da babbar sakandare, har aka gina mata ta kwana a Balle.

Amsar da Arewa ta daɗe tana bai wa nisan ƙauyuka ita ce makarantar kwana, wadda take tara yara daga gundumomi da yawa wuri ɗaya, ta tara musu malamai da ɗakin gwaje-gwaje. Rashin tsaro ya girgiza wannan amsa. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke kusa da iyakoki, cikinsu har da Kwalejin 'Yan Mata ta Gamji da ke Rabah, da sakandaren gwamnati ta Gandi, da ta Goronyo, aka karkata ɗalibai zuwa wasu makarantu. Matakin ya kare rayuka, kuma babu mai hankalin da zai zargi wanda ya ɗauke shi, amma nauyinsa ya faɗa a kan manomin da zai iya barin 'yarsa ta kwana a Rabah, inda yake iya leƙa ta ranar kasuwa, ba zai iya barinta ta tafi birni ba. Kafin wannan ma, harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a 2018 ya kora jama'a zuwa Gandi, dukkansu a ƙaramar hukumar Rabah, inda makaranta ta zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma ginin da ya ɗauki iyalai na tsawon lokaci yana bukatar gyara na musamman kafin ya koma ajin karatu, gyaran da babu wani kasafi da aka ware masa tun farko.

Saboda haka hankali ya karkata ga makarantar jeka-ka-dawo, kuma wannan ra'ayi yana da ƙarfi, sai dai yana da tarkonsa. Babbar sakandare ta bambanta da firamare domin ɗalibai suna rabuwa zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, kowane fanni da malamansa, kuma hukumomin jarrabawa suna duba ɗakin gwaje-gwaje kafin su amince da makaranta ta zama cibiya. Idan aka buɗe ta a kowace mazaɓa don faranta wa 'yan siyasa, za a samu allon suna da azuzuwa uku babu malamin fizis ko na kemistiri, yara su yi shekara uku su fito da takardar da ba ta kai su ko'ina. Idan kuma aka taƙaita ta a hedikwatar ƙaramar hukuma, yaran da ke bayan gulbi ko nesa da hanya sun fita daga lissafi, musamman mata, waɗanda shekarun babbar sakandare suke zuwa daidai da lokacin da ake fara maganar aurensu, da maza, waɗanda noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa yake janyewa da kuɗin hannu. Zaɓen wurin da ya dace yana bukatar sanin yawan masu gama ƙaramar sakandare a kowace gunduma, da hanyar da damina take yankewa, da wadda babur ba ya bi bayan la'asar, kuma wannan sani a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da fadar uban ƙasa yake, ba a ma'aikata ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 domin ilimin 'yan mata matasa, aka faɗaɗa shi a 2023 ya haɗa da Sakkwato, yana gina sakandare kusa da al'umma, yana kuma ba kwamitocin makarantu kuɗin gyara kai tsaye, amma shiri ne mai wa'adi, kuɗinsa kuma rance ne.

A Faransa doka ta raba ginin makarantu ƙarara tun shekarun 1980: firamare na hukumar gari, ƙaramar sakandare ta lardi, babbar sakandare ta yanki, malamai kuma na gwamnatin tsakiya, don haka kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan rufi ya zuba. Nijeriya ba ta bukatar kwafar wannan rabo, amma tana bukatar irin wannan fayyacewa, kuma akwai abubuwan da majalisar ƙaramar hukuma za ta iya yi ko da doka ba ta canza ba. Tana da sashen ayyuka da ma'aikatan da suka san gini, tana da kwamitin ilimi, tana da hannu wajen samar da fili. Babu abin da ya hana ta riƙe rajistar kowane aji a yankinta da halin da yake ciki, a sabunta ta kafin damina da bayanta, a karanta ta a zauren majalisa a gaban jama'a, kuma babu abin da ya hana ta neman kwafin takardar ƙididdiga ta kowane aikin da aka kawo ƙasarta, a liƙa shi da Hausa a bangon makarantar. Kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da kafa su a 2006, sun ƙunshi shugaban makaranta da iyaye da wakilin masarauta da malaman addini da mata da masu sana'a, kuma a cikin masu sana'ar akwai magina da kafintoci da suke gane bulo mara siminti da hannu. Sa hannun irin wannan kwamiti ya kamata ya zama sharaɗi kafin a biya ɗan kwangila kashin ƙarshe.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su, ya sake buɗe wannan magana, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana nuna fargabar a mayar da albashin firamare hannun ƙananan hukumomi, saboda abin da ya faru bayan 1991, kuma fargabar tana da tushe. Hanyar da ta fi kusa da hankali ita ce a killace albashi ta yadda babu shugaban da zai taɓa shi, a ware wa kowace makaranta kuɗin gyara na shekara ta asusun kwamitinta, a ba majalisar ƙaramar hukuma ikon duba kowane gini da dakatar da biyan wanda ya saɓa ƙa'ida, sannan a wajabta wa ma'aikatar ilimi ta jiha tuntuɓar Wurno da Rabah da Goronyo a rubuce kafin ta buɗe babbar sakandare a yankinsu, ko ta haɗe ta da wata, ko ta ɗauke ɗalibanta zuwa birni.